Injin nitro a ƙurar Maradi: wanne za ka saya, yaya za ka saita shi?

Wani matashi mai gyaran babura a unguwar Zariya, nan cikin Maradi, ya aiko mini da tambaya. Yayansa da ke Faransa ya kawo masa tsarabar motar wasa mai rimot, babba, ƙirar HPI Savage, ta hannu, mai injin da ake kira nitro. Da sanyi tana tashi lafiya, amma da ta yi minti biyar sai ta mutu, ba ta sake tashi sai ta huce. Man da aka haɗo masa da shi ya kusa ƙarewa. Yana so ya sani ko ya sayi sabon inji, kuma in haka ne mai lamba .21 ko .28, lambobin da ke nuna girman silinda. Yana tambaya ko zai iya zuba mata fetur da man inji kamar ƙaramin janareto, sannan yaya ake saita allurorin kafiretarta, wato sukurorin da ke rage ko ƙara man da ke shiga inji.

Ƙanena, bari in fara da maganar fetur, don ita ce za ta iya jawo maka asara tun yau. Kada ka zuba. Gaskiya ne injin ya yi kama da na ƙaramin janareto, bugu biyu yake yi, man shafawarsa kuma a cikin man ƙonawa yake. Amma iyakar kamarsu ke nan. Wannan ba shi da koyil, ba ya ba da tartsatsi. Bujinsa ƴar siririyar waya ce a murɗe, mai haɗin ƙarfen filatinam. Za ka ɗora mata ƴar na'ura mai batirin bolt 1.2 zuwa 1.5, wayar ta yi ja, inji ya tashi, ka cire na'urar. Abin da ke riƙe ta da zafi daga nan shi ne zafin ƙonawa da kuma haɗuwar tururin metanol da filatinam ɗin. Fetur ba ya yi mata wannan aiki, ga shi yana kumbura tiyon silikon da ke kai mai daga tanki.

Man nitro haɗin abu uku ne: metanol, wanda shi ne mafi yawa, sai nitrometan, sai man shafawa, na kamfani ko kuma man zurma, wato cika-gidan nan da ke fitowa a bayan gidajenmu, amma tatacce. Na motoci yakan zo da nitrometan kashi 16 zuwa 30 cikin 100. Dalilin da ya sa ɗan injin da bai kai dunƙulen hannu ba yake shan mai haka shi ne, fetur yana son iska ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone sarai, metanol wajen ninki 6.4, nitrometan kuwa 1.7 kawai, don yana ɗauke da iskar ƙonawarsa a jikinsa. Sai a dinga ɗura wa injin mai da yawa a kowane bugu, shi kuma yana juyawa sau 30,000 ko fiye a minti ɗaya. Tankin irin motarka bai wuce cc 150 zuwa 160 ba, kuma cikin minti goma ko kaɗan fiye da haka ya ƙare. Lita guda tanki shida ne ko bakwai. Ka lissafa da kanka.

Shi ya sa nake ganin a Maradi tambayar mai tana gaba da tambayar inji. Wanda bai san inda lita ta biyu da ta uku za su fito ba, kada ya kashe kuɗinsa a sabon inji. Man nan kaya ne mai kama wuta, ba a ɗaukarsa a jakar matafiyi a jirgin sama, sai dai ya biyo jirgin ruwa ko hanyar mota. Ka nemi ɗan kasuwar da ka yarda da shi, mai zuwa Kano ko Yamai, kuma ku tambayi ma'aikatan duwan tun kafin a ɗauko, don nitrometan sinadari ne da hukumomi ke sa wa ido. A ƙasashen Tarayyar Turai ma, tun 2021 ba a sayar wa gama-garin mutane wanda ya wuce kashi 16. Saboda haka in yayanka ne zai aiko, mai kashi 16 za ka samu, kuma ya ishe ka. A zafinmu na fi son sa ma a kan mai 25 ko 30, don injin ya fi samun sauƙi da shi. In kuwa ka bincika ka ga babu hanyar mai, ka san akwai manyan motocin rimot masu cin fetur na gaske, irin su HPI Baja 5B, masu inji daga cc 23 zuwa sama da buji mai tartsatsi, ana haɗa musu fetur da man inji kamar 25 da 1. Wannan aikinka ne na kullum, ba sai na koya maka ba.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: metanol guba ne. Kaɗan daga cikinsa yana makantar da mutum, fiye da haka yana kisa, kuma in ya kama wuta da rana ba ka ganin harshenta. Mu nan mun saba ganin mai a kwalba a bakin titi. Wannan kada ka juye shi a kwalbar lemo ko ta ruwa, ka bar shi a galan ɗinsa, a rufe, a inuwa, inda yaro ba zai kai hannu ba.

To, injin da ke hannunka ya mutu ne ko da sauransa? Alamar da ka faɗa, tashi da sanyi da mutuwa da zafi, abu uku ke kawo ta, kuma biyu daga ciki ba sa buƙatar sabon inji. Ka fara da matsi, wato yadda fistan ke matse iska da mai a cikin silinda. Waɗannan injuna ba su da zoben fistan. Fistan na alminiyam ne, silinda ta tagulla mai rufin kurom a ciki, kuma an yi ta da ɗan tsukewa daga sama, ta yadda fistan zai matse in ya kai ƙarshen hawansa. Wannan tsukewa ita ce zobensa. Cire buji, ka juya filawil da yatsa a hankali. In ka ji ya ɗan cije a sama, da sauran rai. In ya wuce sumul kamar babu komai, to da ya yi zafi silinda ta buɗe, matsi ya zube, inji ya mutu, kuma ba zai tashi ba sai ta huce ta koma. Maganinsa sabon fistan da silinda, tare ake sayar da su, ba a sauya ɗaya a bar ɗaya. Ka duba sandar fistan ma, in tana da lilo a kan karanshaf a sauya ta.

In matsi yana nan, sai ka nemi inda iska ke satar shiga: gindin kafireta, murfin bayan inji, boris ɗin gaba, tiyon mai da ya tsage, ko murfin tankin da robarsa ta bushe. Ka tuna akwai tiyo na biyu da ya taso daga salansa ya shiga tanki, shi ke tura mai zuwa kafireta. In ya huje, inji zai yi ta jin ƙishi komai yadda ka saita. Na ukun kuwa shi ne allura da aka ɗaure fiye da kima, wadda zan zo kanta.

Idan sayen ya zama dole, ga ra'ayina. Lambobin nan girman silinda ne a ma'aunin inci: .21 daidai yake da cc 3.5, .28 kuma cc 4.6. Ƙananan motoci na 1/10, wato masu girman kashi ɗaya cikin 10 na mota ta gaske, su ke ɗaukar .12 zuwa .18, su ba naka ba ne. Injin .21 shi ne na gasar motocin 1/8, don dokar gasa ta tsaya a cc 3.5, kuma a nan manyan kamfanoni irin su O.S. na Japan da Novarossi da Picco na Italiya suka zuba basirarsu. Injuna ne masu kyau, ban musa ba. Amma an yi su ne domin mota marar nauyi a kan filin tsere, ƙarfinsu a can saman juyi yake, yawancinsu ba su da igiyar tayarwa, sai an ɗora motar a kan akwatin tayarwa da ke taɓa filawil ta ƙasa, abin da ginin Savage bai ba da dama ba. Motarka ta kai kilo 5 ko fiye, ga manyan tayoyi, ga rairayi. Abin da take so shi ne ƙarfin ja tun daga ƙasa, kuma .28 ke ba da shi. Ka sayi .28 na talakawa, na HPI ɗin kansa ko na kamfanonin Taiwan irin su SH da Force, mai igiya ko mai sandar tayarwa ta baya, mai ɗaukar buji na gama-gari ba mai bakin tsini na tsere ba. Kafin a biya, a gwada hoton tsohon da na sabon: ramukan ɗauri, inda salansa ke fita, da siffar bakin karanshaf inda kuloci ke zama. Kuma kada ka yarda da injin da ba a samun fistan da silindarsa daban.

Yanzu ƙura, wadda a wurina ita ce babbar mai kashe inji a garin nan. Na taɓa rasa sabon inji a rairayin Gulbi da rani. Motar ta kife, matatar iska ta fice ban lura ba, ta yi ƴan mintuna tana gudu a haka. Da na buɗe shi da daddare, fistan ya yi zane-zane daga sama har ƙasa, matsi ya tafi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na daɗe ina tara kuɗinsa. Tunda babu zobe, ƙwayar rairayi ɗaya da ta shiga tsakanin fistan da silinda aikin takardar goge ƙarfe take yi. Ka ɗaure wuyan matatar da igiyar roba mai zugewa. Sosonta ya zama biyu, na ciki da na waje, kuma na cikin ya sha man matata mai danƙo ko'ina, ka matse rarar. Busasshen soso ba ya tare ƙurar hunturu. Ka ajiye uku ko huɗu a leda, shafaffu, kana sauyawa duk bayan tanki biyu ko uku in ƙura ta yi yawa. In za ka cire na datti, ka goge kewayen kafireta tukuna.

Sabon inji sai an horar da shi. Ka bar allurori yadda kamfani ya sa su, ko ka mayar da su yadda takardarsa ta ce. Tanki na farko da na biyu ka tuƙa a fili mai tauri, ba rairayi ba, totur kwata, kana ba shi kana saki. Na uku da na huɗu rabi. Daga na biyar ka fara buɗe shi duka na daƙiƙa biyu ko uku. Kada ka bar shi a tsaye yana silo har tanki ya ƙare, don in bai yi zafi ba silinda ba ta buɗewa, sai fistan ya yi ta cin kansa, sandarsa tana shan wahala. Duk sanda ka kashe shi, ka juya filawil fistan ya sauka ƙasa kafin ya huce, kada silinda ta tsuke a kansa yana sama. In igiya ta cije ta ƙi ja, kada ka yi mata ƙarfi, mai ne ya cika silinda. Cire buji, kife motar, ka ja igiyar man ya fita, ka kau da fuskarka.

Saiti kuwa, ka riƙe wannan kafin ka taɓa komai: man da ke shiga injin shi ne abincinsa, shi ne man shafawarsa, shi ne kuma ke sanyaya shi daga ciki. In ka rage shi, duka ukun ka rage. Ni nakan kira yanayin biyu ƙoshi da ƙishi. Inji mai ƙoshi yana da nauyin jiki, yana hayaƙi sosai, yana tofar da mai ta salansa, amma ba abin da zai same shi. Inji mai ƙishi yana da zaƙin murya da saurin da zai burge ka, kuma a cikin wannan zaƙin yake ƙonewa. Kusan duk wanda na ga ya kashe injinsa da sukudireba, kukan nan ne ya ruɗe shi.

Wuraren saiti uku ne. Babbar allura, doguwar da ke tsaye kusa da inda tiyon mai ke shiga, ita ke mulkin mai gaba ɗaya, musamman daga rabin totur zuwa sama. Ƙaramar allura tana cikin ƙarshen abin da ke zugewa a kafireta, ita ke da silo da farkon tashi. Sai sukurun silo, wanda ba ya taɓa mai, iyakarsa ya hana maƙogwaron kafireta rufewa ruf. Cire matata a wuri mai tsabta ka leƙa, ratar da ta rage ta zama kamar milimita 1 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma kada ta ragu in ka taka birki. A allurorin biyu, ɗaurewa rage mai ne, kwancewa ƙara mai.

Kada ka saita inji mai sanyi. Ka tuƙa shi minti uku zuwa biyar tukuna. Ka fara da babbar allura, daga wajen ƙoshi. Ka ɗauki kan allurar kamar fuskar agogo, kana ɗaurewa awa ɗaya kawai a kowane karo, wato kashi ɗaya cikin 12 na zagaye. Bayan kowane taɓi ka yi gudu biyu ko uku da cikakken totur, don inji ba ya amsawa nan take. Za ka ji yana ƙara sauri, murya tana washewa. Za a kai inda ka ɗaure amma saurin bai ƙaru ba. Nan ne bakin rami. Ka kwance awa ɗaya ko biyu ka tsaya a nan. Dole ka riƙa ganin siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana bin motar in ta buɗe wuta. In hayaƙi ya ɓace, ko inji ya yi kamar numfashinsa ya ɗauke a tsakiyar gudu, ko ya fara da ƙarfi sannan ya yi laushi, tsaya nan take, ka kwance kwatan zagaye, ka bar shi ya huce.

Sai ƙaramar allura. Inji na silo da zafinsa, ka matse tiyon mai kusa da kafireta da yatsu biyu, kana ƙirga. Daidai shi ne ya yi daƙiƙa uku ko huɗu, murya ta ɗan hau, sannan ya mutu. In ya mutu nan take, ƙishi ne, kwance. In ya wuce daƙiƙa biyar yana ta hawa, ƙoshi ya yi yawa, ɗaure kaɗan. Gwaji na biyu: bar shi ya yi silo daƙiƙa goma, ka ba shi wuta gaba ɗaya. In ya yi gargara da tarin hayaƙi kafin ya tafi, mai ya yi yawa. In ya yi shiru kamar an shaƙe shi, ko kuma bayan dogon gudu silo ya ƙi sauka da wuri, mai ya yi kaɗan. Da ka gyara ƙaramar allura silo yakan hau, sai ka sauke shi da sukurunsa har tayoyi su daina son juyawa. Kuskuren da na fi gani wajen masu gyaran babura, kuma hannunsu ne ya saba, shi ne su buɗe silo da yawa don su rufe ƙoshin ƙaramar allura. Sai kuloci ya yi ta kamawa yana ƙonewa, saiti kuma ya ƙi zama.

Zafin kan inji ya zauna tsakanin digiri 100 da 120 a ma'aunin Salshiyas. In ya doshi 130, ka tsaya. Ana aunawa da ma'aunin zafi mai haske, a saita shi kan buji. Irin na goshi da aka yi ta amfani da shi a 2020 ba zai yi ba, domin jikin mutum aka yi shi. In ba ka da shi, ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan inji kusa da buji: ya yi ƴan daƙiƙu yana tafasa kafin ya bushe. In ya ɓace da taɓawa, zafi ya yi yawa. Amma ma'auni mai gargaɗi ne kawai, da kunne da hayaƙi ake saiti.

Ga inda Maradi ta bambanta da abin da za ka gani a bidiyon Turawa. Saitin da ka yi da safiyar Janairu ba zai yi maka aiki da azahar ɗin Afrilu ba. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana son ƙarin mai, don haka da hunturu za ka kwance babbar allura awa ɗaya ko biyu. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, iska ta yi sauƙi, inji zai nuna alamar ƙoshi, hannunka zai so ya ɗaure. A lissafi daidai ne, amma iskar da za ta sanyaya kan injin ita ma zafi gare ta, rairayi kuma yana riƙe tayoyi yana ƙara masa kaya. Ni a watannin Afrilu da Mayu nakan haƙura da ɗan saurin, in bar shi da ƙoshinsa, in fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Ka yanke gilashin gaban murfin motar da na gefe iska ta riƙa bugun kan inji, kuma ka huta tsakanin tanki da tanki. Da damina matsalar ta koma kan mai, don metanol yana jan ruwa daga iska. Galan da aka bari a buɗe a watan Agusta zai ba ka inji mai mutuwa a silo, ka yi ta zargin allura alhali ba laifinta.

Buji ma yana da mai zafi, matsakaici da mai sanyi. Da mai kashi 16 a injin .28, matsakaici ya yi. Gwajinsa ba wuya: in ka cire na'urar kunnawa murya ta faɗi sosai ko inji ya mutu, bujin ya gaji ko ya yi sanyi da yawa. In wayarsa ta yi fari-fat ko ta lotse ciki, injin ya sha ƙishi, ka gyara allura kafin ka sa sabo.

In ka gama wasa, ka zuƙe man da ya rage a tanki, ka tayar da inji ya ƙone na cikinsa har ya mutu da kansa. Sannan ka ɗiga man ajiya, wato man shafawa mai hana tsatsa, ɗigo huɗu ko biyar ta kafireta da ramin buji, ka ja igiya ya zagaya, in ba haka ba boris zai yi tsatsa cikin ƴan kwanaki. Ka tabbata akwai sifirin mai mayar da totur baya in batirin motar ya mutu, don abu mai kilo 5 a guje yana iya karya ƙafar yaro, kuma ka san duk inda ka kunna ta yara za su taru.

Gobe kafin ka buɗe shago, cire bujin ka juya filawil ɗin ka ji. In ya cije, kada ka sayi inji, ka sauya tiyo biyun, ka mayar da allurori yadda kamfani ya sa, ka fara saiti daga farko da sauran man da ke hannunka. In bai cije ba, sai ka ce wa yayanka ya haɗo maka fistan da silinda ko .28 ɗin, da buji matsakaici guda huɗu, da soson matata da mansa, da mita ɗaya na tiyon silikon, don su ne ƙananan abubuwan da za su iya zaunar da motar wata da watanni in babu su.